Matar da Ta Mutu a Damagaram, Tana Raye a Kano

A kan tabarma gardamar ta tashi, bayan sallar isha'i, a tsakar gidan Gwaggo da ke Damagaram. Ni da ƙanwata muka je gaishe ta, makonni kaɗan bayan an buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris na 2024. Tun juyin mulkin ƙarshen Yulin 2023 hanyar Daura da Kwangwalam ta gagare mu, don haka hira ta taru jingim. Ana cikin lissafin wa ya haihu, wa ya rasu, sai Gwaggo ta ja numfashi ta ce akwai mutuwar da har yanzu ba ta sake ta ba: ta uwargidan nan ta cikin labari, wadda ta haɗiye baƙin cikin miji da kishiya da uwar miji shekara da shekaru, ta zo ta rasu a kan gwiwa.

Ƙanwata ta gane labarin tun kafin a faɗi sunansa, domin ta karance shi tas a waya.

"Gwaggo, ai ba ta mutu ba. Doguwar suma ta yi. Ta farfaɗo, an yi suna, da ita ma aka rufe littafin."

"Ke ɗiyar nan, da kunnena na ji an yi mata wanka an kai ta makwancinta. Kwana uku ina juya abin a raina."

Kowacce ta kafe, kuma babu mai alamar wasa. Ni abu biyu ne suka tsaya mini. Gwaggo tana karanta Alƙur'aninta da ajaminta, amma ba ta yi boko ba, ba ta kuma riƙe babbar waya. Ta ina labarin da wata baiwar Allah ke rubutawa a Kano ya iske ta, a watannin da ko buhun shinkafa sai an bi daji da shi? Kuma ta yaya mace ɗaya, a littafi ɗaya, za ta mutu a nan ta rayu a can?

Zaton farko, Allah ya yafe mini, na ɗora shi a kan shekaru. Na ce ko Gwaggo ta haɗa labarai biyu ne. Sai na sa ƙanwata ta riƙa jefa mata tambaya. Sunan kishiya, sana'ar miji, dalilin yajin farko, har abin da uwar miji ta faɗa ranar da aka kawo lefe, duk Gwaggo ta zayyano ba gargada. Hanyarsu ɗaya har zuwa daren naƙuda. A nan ta rabu.

Na ce to ko a rediyo ta ji, tunda gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan hikaya. Ta girgiza kai, ta zaro ƙaramar wayarta mai maɓallai daga ƙarƙashin matashi. Jikanta ne ke cire memorin, ya kai wa masu turi a kasuwar Dole, a zuba mata wa'azi da littattafai da 'yan daloli kaɗan. Muka buɗe. Kashi 47 ne a jere, na 47 shi ne na ƙarshe. Muryar namiji ce, mai karatu a tsanake, yana farawa da sunan tasharsa ta YouTube da roƙon a danna masa ƙararrawa. Muka saurara har ƙarshe. Matar ta mutu. An yi mata sutura, mijin ya zauna a ƙofar gida ya kasa kuka. Ƙanwata da ta zo da gardama sai ga ta tana share ido da bakin mayafi.

Ta buɗe nata. Kundi ne guda da wata ƙawarta ta turo mata, an tattara shafuka fiye da tamanin a ciki. A shafi na 47 naƙuda ta zo da gardama, an garzaya asibiti, matar ta sume, likita ya ce a yi addu'a. Babu wanka, babu makara.

Ashe dukansu gaskiya suka faɗa. Zargi ya koma kan mai karatun: wataƙila shi ya ga dama ya kashe ta don ya ja hankalin masu saurare. Na nemi tasharsa a daren, na gangara zuwa kashi na 47. Murya ɗaya, sallama ɗaya, amma a wannan karon suma matar ta yi. Mutum ɗaya ya karanta shafi ɗaya sau biyu, da ƙarshe iri biyu, kuma guda ne kawai ya rage a tashar. Na kwana da wannan.

Da muka dawo Kano na yi abin da 'yan zamanina za su yi: na tafi neman bugaggen littafi, domin a tarbiyyarmu abin da ke kan takarda shi ne asali. Na nufi wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari, inda muke zuwa muna 'yan mata. A can muka san Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da jerin na Bilkisu Funtuwa. Wanda ba shi da kuɗin saye ya yi haya. Littafi na ɗaya ya fito, a jira na biyu wata da watanni. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu a kan sunan da ma abin da ke ciki. Wani abu da ake yawan mantawa shi ne, marubutan wancan lokaci ma da kansu suke buga kayansu, kuma sukan sa adireshinsu a bango, masu karatu su aiko wasiƙu na yabo da na ƙorafi. Igiyar da ke tsakanin marubuci da mai karatu ba yau aka murza ta ba. Doguwa ce dai a da, wasiƙa sai ta yi makonni a hanya.

Dattijon da na tarar ya saurare ni ya ce, "Hajiya, wannan ba a buga shi ba, ba kuma za a buga ba. Takarda ta yi tsada, masu karatun kuma suna cikin waya. Ki nemi mai shi, ai lambarta na jikin littafin."

Maganarsa ce ta sa na koma kan abin da ni da ƙanwata muka tsallake. Duk mai karanta irin waɗannan littattafai ya san kan shafi: sunan ƙungiyar marubuta, gaisuwa ga masoya, tallar turaren wuta ko atamfa, gargaɗin cewa littafin na kuɗi ne, da Allah ya isa ga wadda ta fitar. Ido ya saba wucewa. Mai karatun YouTube kuwa komai karantawa yake. A muryar da na kwafo daga wayar Gwaggo, shafin ya buɗe da barka da Juma'a, sai labari. A kundin ƙanwata akwai barka da Juma'ar, sannan wani ɗan layi a ƙasa: a yi haƙuri da na ɗazu, ga gyara nan, wadda ta ajiye wancan ta goge.

Na ɗazu. Kenan marubuciyar da hannunta ta saki shafi biyu a dare ɗaya.

Lambar tana ƙasan kowane shafi, tare da asusun banki, da wata lambar daban da aka ce 'yan Nijar su tuntuɓa su biya da sefa. A lokacin tana tsakiyar sabon littafi. Na biya, na tura shaidar biya, aka jefa ni zauren WhatsApp. Sati biyu na yi ina kallo kafin na buɗe baki, kuma a nan na fahimci sana'ar. Shafukan farko kyauta ne, ana baza su a Facebook da Wattpad da kowane zaure, su ne tallar. In labari ya kai inda mai karatu ba za ta iya haƙura ba, sai a rufe ƙofa, ci gaba sai wadda ta biya, ta banki ko da katin waya. Tun ƙarshen 2022 zaure ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, nata kuwa ya cika har an buɗe na biyu. In littafi ya kammala wasu kan ɗora shi a manhaja irin ArewaBooks. Amma zauren shi ne gida. OkadaBooks, da marubutan Najeriya da dama suka jingina da ita tun 2013, ta rufe a watan Nuwamba na 2023, kuma marubuciyar da lambobin masu karatunta ke cikin wayarta ba ta rasa su a ranar ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne sharhi. Shafi na sauka, kafin a sha ruwa saƙonni sun fara zuba. Wannan ta tsine wa miji, waccan ta kare kishiya, wata ta yi saƙon murya na minti biyar tana fassara abin da uwar miji ke ƙullawa. A kafa ɓangarori, a yi faɗa, a shirya. Ranar da sharhi ya yi ƙaranci marubuciyar takan ce gwiwarta ta yi sanyi, gobe babu shafi. Ba ta rubuta littafin ta gama ba tukuna: kullum take buga na kullum da babban yatsa, tsakanin girki da renon yara, idonta na kan abin da aka faɗa jiya.

Na bi ta gefe na gaishe ta, na ba ta labarin Gwaggo. Shiru har washegari. Sannan saƙon murya ya shigo, dogo.

"Anti, wallahi kin taɓo mini inda ke ciwo. Tun ranar da na fara littafin na san mutuwa za ta yi. Yayata haka ta tafi, don ita na rubuta. Na saki shafin bayan isha'i. Ban taɓa ganin abu irin na daren nan ba. Masu kuka, masu zagi, masu cewa in mayar musu da kuɗinsu. Duk wannan zan iya shanyewa. Sai wata ta kira ni, cikinta wata tara, ta ce ita ma haƙurin take yi a gidanta, ta ɗauki matar nan madubi, yanzu na nuna mata ƙarshenta. Jikina ya mutu. Na goge wa kowa, na zauna na sake wani kafin sha biyun dare."

Shafin farko bai cika awa ɗaya a zaure ba. Ya isa. A cikin masu biya akwai mai kwafewa ta fitar, kuma masu karatu a YouTube tsere suke, kowa na so ya riga. Mutumin ya samu, ya karanta a daren, ya ɗora. Da gari ya waye ya ga an canza, ya sauke ya sake sabo. Tsakanin ɗorawa da saukewa wani mai turi ya riga ya janye, daga kwamfutarsa zuwa ta wani, har kasuwar Dole. Jikan Gwaggo ya kai memori a makon, aka zuba masa abin da ke ƙasa, 47 cif. Gwaggo ta ji an binne uwargida, ba ta ga wani kashi a gaba ba, ta ɗauka nan labari ya tsaya. Ba ta aika neman ci gaba ba, domin a wurinta babu sauran abin ci gaba.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba: shafin da aka goge ya fi. Na saurare shi sau uku. A ƙasar da kusan kowane gida ya san wata da ta tafi wajen haihuwa, wannan shafin ya faɗi gaskiyar da suma da farfaɗowa suka lulluɓe. Marubucin takarda yana da katanga, kafin wasiƙar ƙorafi ta iso an riga an buga, an sayar. Wannan baiwar Allah ba ta da ita. Masu karatunta na cikin ɗakinta, su ne cefanenta, su ne kuma masu riƙe mata hannu. Sai dai in na tuna mai cikin wata taran nan, bakina yakan yi nauyi wajen cewa ta yi kuskure. Haka nan batun fitar da littafi. Haƙƙi ne, gumin mace ne ake kwasa a raba, wani ma ya ci kuɗin talla da shi ba da izininta ba. Amma ta wannan ɓarauniyar hanya ce kaɗai labarin ya kai ga tsohuwar da ba ta da boko, ba ta da data, ba ta da asusun banki, ta kuma riƙe shi fiye da da yawa cikin waɗanda suka biya.

A ƙarshen saƙon ta roƙi wani abu da ban zata ba. A cikin WhatsApp ɗin take rubutu kai tsaye, ba ta ajiye a ko'ina. Da ta goge wa kowa, ta goge wa kanta. Ta tambayi 'yan zaure daga baya, kowa ya ce babu, wadda ta fitar kuwa ba za ta tona kanta ba. Watanni kenan ba ta da shafin da ta rubuta wa yayarta.

"Anti, in har yana wajenki, don Allah ki turo mini."

Na tura mata. Na kira Gwaggo ta wayar jikanta na warware mata komai, na ce akwai sauran kashi kusan arba'in, zan sa a zuba mata. Ta ce a bar su tukuna. Ta tambayi nawa ake biya, ta ce jikan zai kai jaka guda wa mai lambar Nijar, domin ba ta son ta ci haƙƙin yarinya. Sannan ta sa ya danna mata wajen magana, ta ce in isar.

"Ɗiyata, ban san ki ba, amma na ji yayarki ce. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari."

Alamar saƙon ta nuna ta saurara da ƙarfe ɗayan dare. Da asuba amsarta ta shigo, daƙiƙa tara, muryar a dishe: "Amin, Gwaggo. Na gode. Yaron yana wajena, bana zai shiga aji uku."