Tsohuwar Fatsa Ba Itacen Wuta Ba Ce

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi hanyoyin da aka gina masa ya iso gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Kowa maganar shinkafa da alkama da tumatir yake yi. Amma ruwan bai zo shi kaɗai ba, ya zo da kifi. Akwai karfasa da tarwaɗa a magudanai da tafkunan da ake tara ruwa da dare, har yaran da iyayensu ba masunta ba ne sun koyi su.

Yadda suke yin sun ne abin damuwa. Yawancinsu sukan tuɓe riga su faɗa ruwa, suna lalube da hannu ko da tsohon gidan sauro. A irin wannan ruwa mai kwanciya, mai ciyawa, ƙananan katantanwa suke zama, su ne kuwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga. Bayan 'yan watanni yaro ya soma fitsarin jini, ya rame, yana gyangyaɗi a aji. Waɗansu sukan ce alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Ciwo ne, akwai maganinsa a asibiti.

Mai fatsa kuwa a bakin gaɓa yake zama, ƙafarsa a bushe. Domin haka, mai karatu, in akwai tsohuwar sandar fatsa a zaurenku, kada ka bari a hura wuta da ita.

Da fari ka duba gorar. Riƙe gindinta ka girgiza. In gari ya zubo daga ƙananan ramuka, ƙwaro ya cinye cikinta, ba ta da sauran amfani. In kuwa lanƙwasa kaɗai ta yi, sai ka gasa wurin a kan garwashi, nesa kaɗan, kana jujjuya ta. Da ta yi zafi za ta yi taushi. Miƙe ta a kan gwiwa, ka riƙe har ta huce. Kada ka yi gaggawa, gama gorar da ta ƙone ba ta jimre wa tarwaɗa. Inda ta tsage, naɗe wurin da zare mai ƙarfi, naɗi kusa da naɗi, ka wuce tsagewar da yatsa biyu kowane gefe. Mutane da yawa sukan datse kan da ya tsage domin sauƙi. A ganina kuskure ne. Tsawon sandar shi ne amfaninta. Gajeriyar fatsa takan sa yaro ya matsa, har ya tsoma ƙafa. Sa'an nan ka shafe ta da man kaɗe, ka naɗa robar tsohon tayar keke a mariƙi.

Tsohon zaren lailon kam, yar da shi. Rana ta riga ta cinye ƙarfinsa, ko da ido bai gani ba. Ƙugiya mai ɗan tsatsa a goge ta da yashi, a wasa bakinta a dutse har ta kama farce. Totuwar kara ta isa alama a bisa ruwa, ɗan guntun dalma kuma ya nutsar da koto. Tana da gara ba a sayensu.

Ka zauna da ɗanka ku yi aikin tare, domin ya iya da kansa. Ka nuna masa wurin zama kuma. Babbar hanyar ruwa mai siminti ba wurin yaro ba ce, gefenta yana da santsi, ruwanta da gudu. Ƙanana su tafi tare da babba. In an dawo, a rataye fatsar a inuwa, kanta ƙasa, ƙugiya a soke cikin totuwa saboda masu rarrafe.