Mulkin Sama Yakan Fara a Ƙaramin Wuri

Karatu: Matiyu 4:12-17, Ishaya 9:1-2



Da aka kulle Yahaya Maibaftisma a kurkuku, Yesu bai nufi Urushalima inda Haikali da manyan malamai suke ba. Ya koma Galili, ya zauna a Kafarnahum, garin masunta a bakin teku. Matiyu ya ce wannan ya faru domin a cika maganar annabi Ishaya. Fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, Assuriyawa suka ci ƙasar Naftali da Galili, suka kwashe mutanenta (2 Sarakuna 15:29). Ƙasar nan da ta sha wuya, wadda mutanen Yahudiya suka raina, ita Allah ya yi wa alkawarin haske. A can ne Yesu ya fara wa'azin tuba da zuwan Mulkin Sama.

Mene ne Mulkin Sama? Shi ne abin da Markus da Luka suke kira Mulkin Allah, wato sarautar Allah bisa zuciya da rayuwar duk wanda ya miƙa kansa ga Yesu. A Matiyu 13 Ubangiji ya kwatanta shi da ƙwayar mastad, 'yar ƙanƙanuwa, wadda takan girma har tsuntsaye su sami mafaka a rassanta. Manomin gero ya san wannan: ƙwaya ɗaya ce takan ba da zangarniya.

Haka aikin bishara na mishan ɗin SIM ya fara a ƙasarmu. A shekara ta 1893 samari uku na mishan ɗin SIM suka sauka a Ikko. Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent kuma a Bida, duka a 1894. Rowland Bingham kaɗai ya saura. Mutum zai ce aikin ya mutu, amma a 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1954 kuma aka kafa ekklesiyar ECWA.

Ku masu bi da ke Wurno da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, kada ƙarancinku ya karya muku zuciya. Umarnin almajirtarwa na Matiyu 28 naku ne. Ku cika mudu a kasuwa, ku duba marasa lafiya, ku koya wa 'ya'yanku karatun Maganar Allah, ku zauna lafiya da maƙwabtanku Musulmi. In an tambaye ku dalilin begenku, ku amsa da tawali'u. Shuka taku ce, girma na Allah ne.

Mu yi addu'a: Ya Uba, kai da ka cika alkawarinka a Galili, ka haskaka garuruwanmu, ka mai da mu amintattun ma'aikata a gonarka. Cikin sunan Yesu. Amin.