Kafin Ku Ba Da Kwangilar Rushe Gini

'Yan'uwa, in ƙungiyarku za ta rushe tsohon sito, alkawarin baka bai isa ba. Dokar tsara birane ta Nijeriya ta 1992 ta sa rushe gini cikin ayyukan da ke bukatar izini, saboda haka ku fara zuwa ofishin tsara gari.

Sa'an nan a rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu. A faɗi kuɗin aiki da ranar gamawa. Kwano da katako da ƙofofi fa, na wane ne? Nan rigima takan tashi, gama ɗan kwangila yakan ɗauka nasa ne. A rubuta kuma cewa shi zai biya in bango ya faɗa wa gidan maƙwabci, ko lebura ya ji rauni. Kada ku cika masa kuɗi sai ya kwashe ɓaraguzai.