Manhajar Rabon Aikin Gida: Yadda Za Ta Yi Aiki a Wayar Matashi

Duk gidan da matasa suka kai huɗu ko biyar, da wuya a yi mako guda ba a yi musu a kan wanke-wanke ba. Kowa yana da yaƙinin cewa jiya shi ya yi, kuma babu mai shaida. Haka abin yake a gidan iyaye, haka yake a ɗakin haya na ɗalibai a Samaru, haka yake a masaukin masu yi wa ƙasa hidima. Wannan ya sa tunanin ƙirƙirar manhajar waya da za ta riƙe lissafin aikin gida ya cancanci a zauna a duba shi da kyau, a ga me ke cikinta da kuma inda za ta iya tuntuɓe.

Irin waɗannan manhajoji sun daɗe a kasuwa. Tody tana nuna wa mutum wane sashe na gida ya fi daɗewa ba a tsabtace ba, Habitica kuma ta mayar da ayyukan yau da kullum wasa, inda mutum ke tara maki. Amma an gina su ne da tunanin gidan da famfo ke zuba kullum, wuta ba ta ɗaukewa, kowa kuma yana da wayarsa. Babu inda suka san kai niƙa, ko jiran ɗan garuwa, ko ba akuya dusa.

Cikin manhajar ba wani abu ne mai ban tsoro ba. Akwai ɗan rumbun adana bayanai a cikin wayar, kuma kowace wayar Android tana zuwa da irinsa mai suna SQLite. A rumbun ana ajiye sunayen mutanen gida, da jerin ayyuka, da tarihin wanda ya yi me kuma yaushe. Duk abin da mai waya ke gani a fuskar wayarsa daga nan ake lissafo shi. Bayanan gida guda na shekara ɗaya ba za su ci wurin da bidiyo ɗaya na WhatsApp ke ci ba.

Inda aikin tunani yake shi ne wajen rabo. Hanya mafi sauƙi ita ce karɓa-karɓa, wadda Bahaushe ya daɗe da sani a gidan mai mata fiye da ɗaya, inda kowace ke karɓar girki kwana biyu sannan ta miƙa. Wannan tsari yana tafiya daidai saboda abin da ake miƙawa iri ɗaya ne. Aikin matasa kuwa ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya share tsakar gida cikin minti goma da wanda ya ɗebo jarka huɗu daga tuƙa-tuƙar bayan layi, idan aka ce kowa ya yi "aiki ɗaya", an zalunci na biyun. Don haka dole kowane aiki ya zo da nauyinsa. A misali, a ba shara maki 2, wanke-wanke maki 3, ɗebo ruwa maki 5, wankin banɗaki maki 6. Kowace safiya manhajar za ta tara makin da kowa ya samu a makon, ta ɗauki aikin da ya fi nauyi ta ba wanda makinsa ya fi ƙanƙanta, ta ci gaba a haka har ayyukan ranar su ƙare. Wanda ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya, a danna masa hutu, don kada ya dawo ya tarar da bashi ya taru a kansa. Ƙaramin yaro kuma a rufe masa ayyukan da suka fi ƙarfinsa, kamar kunna gas ko ɗaukar tukunya daga wuta.

Wa zai sa makin? A ganina kada mai manhaja ya yanke wannan daga ɗakinsa. Ya bar shi a buɗe, mutanen gida su zauna su daidaita, uwar gida ta sa baki, domin ita ta san cewa tuƙa tuwon mutum goma sha biyu ba ɗaya yake da dafa taliya ba. Wannan zaman kansa rabin amfanin manhajar ne, don a ranar ne wasu za su fara jin ayyukan da ba su taɓa sanin ana yi a gidansu ba: tsintar wake, goge murhu, wankin kayan ƙanne, kankare tukunya.

A nan ne nake ganin manhajar ta fi ƙarfin abin wasa. Wani rahoton UNICEF na 2016 ya nuna cewa a duniya 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna ɓata lokacin da ya zarce na takwarorinsu maza da kashi 40 cikin ɗari a aikin gida. A gidajenmu ba sai an karanta rahoto ba. Yarinya ta dawo daga boko ta yi wanke-wanke, ta tafi Islamiyya, ta dawo ta ɗora sanwa, yayanta kuwa yana filin ƙwallo, kuma jarrabawar WAEC ɗaya za su zauna. Manhaja ba za ta tilasta wa kowa ɗaukar tsintsiya ba. Amma idan ƙarshen mako ya zo aka ga makin ƙanwa 40, na yayanta 6, magana ta tashi daga "kullum ni kaɗai nake yi" ta koma lissafin da Baba zai iya gani da idonsa. Wanda kuma yake jin aikin gida ya rage masa girma, ya tuna cewa hadisi ya tabbata daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa hidimar gida.

Sai batun lokaci. Manhajojin waje suna tambaya ƙarfe nawa za a tuna maka. A gidan Bahaushe ana cewa a yi shara bayan Asuba, a kai niƙa kafin La'asar, a kwashe shanya kafin Magariba. Lokutan salla suna motsawa tsakanin damina da hunturu, amma waya na iya lissafa su da kanta daga garin da take da kuma kwanan wata, ba tare da intanet ba, kamar yadda manhajojin kiran salla suke yi. Idan aka ɗaura ayyuka a kan waɗannan lokuta, tunatarwa za ta zo sa'ad da mutum yake shirin tashi, kuma da watan azumi ya kama sai a juya tsarin gaba ɗaya zuwa sahur da buɗa-baki. Tazarar aiki ma tana sauyawa: ɗakin da ake gogewa sau biyu a mako da damina, da hunturu kullum sai an kakkaɓe shi.

Wasu ayyukan kuwa ba agogo suke jira ba. Guga tana jiran wuta, wanki yana jiran ruwa. Waɗannan ya kamata su zauna a gefe, a sa maɓalli guda wanda duk wanda ke gida zai danna idan an kawo wuta ko famfo ya zo, nan take a sanar da mai aikin.

Tunatarwa ita ce wurin da sababbin masu haɗa manhaja suka fi shan wahala. Saƙon da ke tasowa daga babbar kwamfutar kamfani ba ya isowa sai da data, data kuma ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Don haka a saita tunatarwar a cikin wayar, kamar ƙararrawar tashi daga barci. Ko a hakan akwai tarko. Tun daga Android 6 na 2015 waya takan kwantar da manhajojin da ba a amfani da su don tattalin batir, wayoyin Tecno, Infinix da itel da suka cika hannun matasanmu kuma suna da nasu tsarin na rufe manhajoji a bayan fage. Daga Android 13 ma sai mai waya ya ba da izini kafin manhaja ta aiko da sanarwa. Mai haɗawa da bai gwada a kan ƙaramar waya mai rabin caji ba, zai fitar da manhajar da ba ta magana.

Kuma a tuna ba kowa ke da waya ba. A gidaje da yawa wayar Mama ko ta babbar yaya ce ta kowa. Saboda haka waya ɗaya ta iya ɗaukar sunayen gida duka, ba tare da an nemi imel daga ɗan shekara goma sha biyu ba. Inda wayoyi suka fi ɗaya, kowace ta ajiye nata, in an samu data su haɗa lissafi. Idan mutum biyu suka danna cewa su suka yi aiki ɗaya, manhajar ta ajiye maganar a gaban babban gida ya raba gardama. Jadawalin mako kuma a iya tura shi WhatsApp na iyali, ko a kwafe a takarda a manna a ƙofar kicin. Saƙon murya da hotunan tsintsiya da bokiti za su taimaki wanda karatun boko bai zauna masa ba.

Abu biyu nake roƙon a guje musu. Na farko biyan kuɗi a kan maki: yaron da ya saba karɓar naira ɗari kafin ya zubar da shara, ranar da babu kuɗi shara za ta kwana. Na biyu neman hoton shaida. Cikin gida sirri ne, akwai mata, akwai yara, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yara. Abin da bai zama dole ya bar wayar ba, kada ya bar ta.

Matashin da ya koyi haɗa manhaja, ko a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya ko da kansa, zai iya gina wannan da Flutter, kayan aikin Google na kyauta. Rajistar Play Store dala 25 ce, sau ɗaya, kuma Google kan buƙaci sabon mai asusu ya ba wasu mutane su gwada manhajarsa na kwana 14 kafin ya sake ta ga jama'a. Kada ya ba abokansa maza kaɗai. Ya sa ta a wayar mahaifiyarsa da ta ƙannensa mata, ya saurari abin da za su ce ya manta.