Duma da Rumfa: Yadda Ake Yi wa Yaro Gashi

Duk wanda ya tashi a gidan da ake shuka duma a bayan ɗaki ya san aikin. Damina na sauka, uwar gida za ta binne iri biyu ko uku a gindin danga, ta kafa 'yan sanduna, ta ɗaura igiya ta miƙa ta zuwa saman rumfa. Sauran aiki na duman ne. Shi zai fitar da 'yan siraran hannuwansa, ya lalubo igiya, ya nannaɗe ta, ya hau. Idan ya karkace ya nufi ƙasa, da safe ta ɗago kansa a hankali ta ɗora a kan sanda. Ba ta jan sa don ya yi saurin kai wa rumfa, domin duman da aka ja tsinkewa yake yi.

Haka aikin likitan gashi yake idan yaro ne a gabansa, musamman yaron da wuyansa ya ƙi tsayawa, ko zama ya gagare shi, ko ƙafafunsa ke sandarewa suna harɗewa kamar almakashi. Yawancin irin waɗannan yara suna fama ne da raunin da ƙwaƙwalwa ta samu tun suna ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa. Jama'a kan jefa su cikin abin da suke kira galahanga, wasu ma su ce ɗan ruwa ne. Wani likitan Ingila, William Little, ya bayyana lalurar tun 1861, kuma a duniya ana samun kimanin yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 da ita. A ƙasar Hausa sanadinta sananne ne a asibitoci: doguwar naƙudar da ke hana jariri numfashi, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Raunin ba ya ƙaruwa, amma jikin da ke girma a kansa yana iya lalacewa idan aka bar shi haka nan.

A da, abin da aka fi yi shi ne a kwantar da yaro a gado, babba ya kama ƙafa ya miƙe, ya lanƙwashe, ya sake miƙewa, yaro na tsala ihu, uwa na share hawaye tana cewa ai magani sai da ɗaci. Wannan jan duma ne. Bincike na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa ƙwaƙwalwar yaro tana koyon motsi ne idan shi da kansa ya yi motsin, ya maimaita shi sau da yawa, kuma don wani abin da yake so. Shi ya sa ɗakin gashin yara ya fi kama da filin wasa. Likita zai ajiye gwangwani mai tsakuwa a ciki daidai inda hannun yaro ya kusa kaiwa amma bai kai ba. Yaro ya miƙa, ya faɗi, ya sake miƙawa, kuma a cikin wannan kokawar wuya da baya ke ƙarfi. Idan ɓari ɗaya ne ya shanye, akan sa wa hannun mai lafiya safa na ɗan lokaci ana wasa, domin raunannen hannun ya samu dalilin fitowa. Likita igiya kawai ya ɗaura; kamawa ta yaro ce.

Igiyar kuma sai an san inda za a miƙa ta. Likitan da ya san aikinsa yakan fara da tambayar uwa: “Hajiya, me kike so ki ga ya iya nan da wata uku?” In yaron yana magana, ko yana nuni da ido, shi ma a tambaye shi. Amsar ba ta cika zama abin da ke cikin littafi ba. Wata uwa so take ya iya riƙe moɗa ya sha ruwa. Wata so take ya zauna a tabarma a ci tuwo da shi a kwano ɗaya da 'yan uwansa. Yaro ɗan shekara takwas kuwa wataƙila burinsa ya iya tsugunawa a bayi ba tare da an riƙe shi ba, ko ya bi yayyensa makarantar allo. A 2011 wasu masana biyu a Kanada, Peter Rosenbaum da Jan Willem Gorter, sun tattara wannan tunani cikin abubuwa shida da suka ce a duba a rayuwar kowane yaro mai lalura: abin da yake iya yi, iyalinsa, ƙarfin jikinsa, nishaɗinsa, abokansa, da gobensa. Tafiya da ƙafa tana ciki, amma ɗaya ce daga cikin hanyoyin isa wurin da ake so.

Sai kuma lurar kowace safiya. Mako yana da awa 168, yaro kuwa in ya yi sa'a awa ɗaya zai samu a asibiti. Sauran duk a gida ne, don haka gashi na gaskiya yana cikin wanka, sa riga, ci da goyo. Goyonmu na zane yana buɗe cinyoyin yaro, abin da ke da amfani ga wanda ƙafafunsa ke harɗewa, sai dai wuni guda a baya yana hana shi gwada komai da kansa. A sauke shi, a kifa shi a tabarma ya yi ƙoƙarin ɗago kai. Wajen ba da abinci a zaunar da shi, kai a ɗan sunkuye, a ba shi kaɗan-kaɗan. Ɗura a kwance tana tura kunu cikin huhu, kuma ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗannan yara. Ƙanne da yayye ma ma'aikata ne: yaron da ya ƙi motsawa don likita yakan ja ciki ya tsallaka tsakar gida don ya ƙwace ƙwallo a hannun ƙanwarsa.

Masu duma sun san cewa 'yar ƙwaryar da aka bari kwance ta gefe ɗaya tun tana ɗanya, haka za ta bushe a karkace, shi ya sa ake gyara mata zama. Jikin yaron da ba ya iya juya kansa ma haka ne. Kwanciya iri ɗaya dare da rana tana gajarta jijiyoyi, ta lanƙwasa ƙashin baya, ta zame ƙashin cinya daga gurbinsa, wanda ciwo ne mai tsanani. A Suwidin sun fara wani shiri a 1994 na auna kwankwason irin waɗannan yara da hoto a kai a kai, kuma gocewar ta ragu ƙwarai. Mu ma muna da abin yi. Kafinta na unguwa zai iya haɗa kujera mai tallafe baya da gefe, ko katakon tsayuwa, idan likita ya ba shi awo. Har da kwali da takarda da ruwan sitaci ana yin kujera mai ƙwari. Takalmin roba mai riƙe idon sawu kuma yana hana diddige ɗagewa, amma sai ana sauya shi yayin da ƙafa ke girma.

Ba kowane iri ke ba da masaki ba. Wani ludayi yake bayarwa, wani gora, kuma kowanne da aikinsa a gida. Tun 1997 likitoci ke amfani da wani ma'auni mai hawa biyar: daga yaron da ke tafiya da kansa, zuwa mai buƙatar sanda ko abin turawa, zuwa wanda sai an tallafe shi a keke. Yaron da ya iya zama shi kaɗai kafin shekara biyu galibi yakan yi tafiya. Wanda ke hawa na biyar kuwa, kai shi gidan mai magani goma ba zai sa shi gudu ba, sai dai ya cinye kuɗin da za a sayi keke da shi. Akwai kuma lalurorin da tsoka ce ke narkewa a hankali, kamar ta Duchenne, wadda ke kama kusan ɗa namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Za ka ga yaro yana dafa gwiwa da cinya kafin ya miƙe. Irin wannan, matsa masa da motsa jiki mai nauyi ƙara lalata tsokar yake yi. Nasa gashin shi ne miƙa gaɓoɓi a hankali, kula da numfashi, da tanadin ƙarfinsa. Shawarar da ta yi wa ɗan maƙwabta amfani tana iya cutar da naka.

A nan kamancen ya tsaya. Duma damina ɗaya yake yi a girbe shi, yaro kuwa aikin shekaru ne, kuma yana da zuciya: yana gajiya, yana fushi, yana jin abin da ake faɗa a kansa ko da bakinsa bai buɗe ba. Mai lura da shi ma tana gajiya. Yaro ɗan shekara goma a bayan uwa, daga bakin titi zuwa sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ko na Shika, nauyi ne da bai kamata a bar wa mace ita kaɗai ba. Uba ya je ya koyi yadda ake ɗaukar ɗansa da zaunar da shi. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta wajabta wa gine-ginen jama'a su samar da hanyar shiga ga mai keke. Iyaye suna da haƙƙin su je wa shugaban makaranta da wannan magana, domin yaron da aka sha wahalar koya wa zama ya cancanci ya zauna a aji tare da tsararrakinsa.