Daga allon kwamfuta zuwa fandisho: Kura-kuran manhajar zane da ke cinye kuɗin masu gini

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin zanen gini a Kano, Kaduna ko Zariya ya san irin wannan daren. Mai gida ya ce da sassafe zai zo karɓar zane, saura a saka awon ɗakuna a buga, sai wuta ta ɗauke. Batirin laftof kuwa ya daɗe da mutuwa. Kafin a tayar da janareto, aikin awa uku ya bi iska.

Galibi wutar lantarki da tsohuwar kwamfuta ake ɗora wa laifi, kuma suna da nasu kason. Sai dai asarar da ta fi ciwo ba ta faruwa a ofis. Tana bayyana ne bayan makonni, a wurin gini, lokacin da birkila ya ja igiya ya ga katanga ta shiga filin maƙwabci, ko tagar da aka ce za ta sha inuwa ta koma murhu. A lokacin an riga an zuba siminti da rodi, kuma mai gida ne zai biya.

Awo huɗu a fili ɗaya

Manhajojin da aka fi amfani da su a nan duk baƙi ne. AutoCAD ta kamfanin Autodesk na Amurka ta fito a 1982. Revit ta koma hannun kamfanin a 2002. ArchiCAD daga Hungary take, Lumion kuma daga Holan. SketchUp, wadda ɗalibai suka fi so saboda sauƙinta, ta fito a 2000, Google ya saye ta a 2006, sannan ya sayar wa Trimble a 2012.

Babu ɗayansu da ta san yadda ake maganar fili a Arewa. Dillali da mai fili da ƙafa suke magana: hamsin a ɗari. Safiyo da mita yake kawo takardarsa. Mai zane da milimita yake aiki. Birkila kuma inci ya sani, bulo mai inci tara da mai inci shida.

Fili mai ƙafa 50 a 100 shi ne mita 15.24 a 30.48. Amma akwai filaye da yawa da aka yanka mita 15 a 30, ana kuma kiran su hamsin a ɗari. Bambancin faɗin santimita 24 ne, wato ya ɗan haura kaurin bulo mai inci tara. Idan mai zane ya ɗauki maganar baki ya zana gini har bakin iyaka, bulo guda na katangar yana cikin filin wani. An sha ganin zumuncin maƙwabta ya lalace kan abin da bai kai haka ba.

A cikin manhajar kanta, AutoCAD ba ta damu da mene ne lamba ɗaya ba, ko mita ce ko milimita. Idan aka jawo fayil ɗin safiyo da ke kan mita aka zuba a zanen da ke kan milimita, filin zai fito ƙarami sau dubu, kamar ɗigon tawada. Wannan ma da sauƙi, ido zai gani. Wanda ya fi haɗari shi ne gyaran da ake yi da ido, a ja a faɗaɗa har ya yi kama da daidai. Abin da ya kamata shi ne a buga umarnin UNITS a fayilolin biyu tun kafin a haɗa su, a ninka da 1,000 cif idan daga mita ne zuwa milimita, ko 25.4 idan daga inci ne, sannan a auna gefe ɗaya na filin a kwatanta da abin da ke rubuce a takardar safiyo. Aikin minti biyu ne.

Akwai wata matsalar da ke biyo fayil ɗin safiyo. Lambobin da yake amfani da su na taswirar duniya ne, kuma Kano tana da nisan fiye da mita miliyan 1.3 daga layin da ya raba duniya biyu. Idan aka bar zane a can nesa da tushen lissafin manhaja, sai layuka su fara rawa, da'ira ta yi gefe-gefe, zanen cike fili ya ƙi zama. Revit ma gargaɗi take yi idan abu ya yi nisan kilomitoci daga tushenta. Masu ƙwarewa kan zana ginin a kusa da tushe, su ajiye fayil ɗin safiyo daban ba tare da sun taɓa shi ba, su haɗa su ta hanyar alama ɗaya da aka sani, kamar dutsen iyaka.

Haka kuma tsofaffin takardun fili da dama a Najeriya an auna su ne bisa ma'aunin Minna, alhali wayar hannu da Google Earth suna amfani da WGS84. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai gomman mitoci, ta fi faɗin filin kansa. Wanda ya ɗora zane a kan hoton tauraron ɗan Adam bai tambayi safiyo wane ma'auni ya bi ba, yana iya nuna wa mai gida filin wani.

Ranar Amurka a tsakar gidan Kano

Kamfanin da ya ƙirƙiro SketchUp a garin Boulder na jihar Colorado aka kafa shi, kuma idan mai zane bai gaya wa manhajar inda filinsa yake ba, da ranar Boulder take lissafa inuwa. Garin yana kan digiri 40 arewa da tsakiyar duniya, Kano kuwa tana kan 12.

A Boulder, rana tsaka kullum ta kudu take. A Kano ba haka ba ne. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta, rana tana ratsawa ta arewa kaɗan, don haka bangon arewa ma yana shan rana. Bangon yamma kuwa shi ne babban abokin gaba a kowane wata, domin shi ke kwasar zafin la'asar ya riƙe shi har dare. Mai zane da ya nuna wa mai gida kyakkyawar inuwa a baranda ba tare da ya saita gari da alƙiblar arewa ba, inuwar wata ƙasa ya sayar masa.

Magina na gargajiya, da ƙananan tagogi da kaurin bangon ƙasa da zaure mai sanyi, sun warware wannan lissafi ba tare da kwamfuta ba. Abin kunya ne a ce mai manhaja ya gaza su saboda bai cike akwati ɗaya ba.

Matsalar ta fi fitowa fili a wajen masu tsara harabar gida, lambuna da wuraren shaƙatawa. Rumbun hotunan da ke zuwa da manhajojin cike yake da itatuwan ƙasashen sanyi da ciyawa shar. Ana jera su a hoton gidan da za a gina a Katsina, inda ruwan sama ba ya wuce 'yan watanni, sauran shekara kuma sai rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa. Hoto ya yi kyau, mai gida ya biya, bayan rani ɗaya harabar ta koma fako.

Ko an zaɓi itatuwan gida, irin su darbejiya da wasu ke kira dogon yaro ko maina, da mangwaro, dabino da tsamiya, akwai kuskuren girma. Ana zana bishiya yadda take ranar dasawa, ba yadda za ta zama bayan shekara goma ba. Sai a dasa mangwaro dab da katanga ko kusa da ramin sokawe, saiwa ta yi aikinta a hankali. Da'irar da ta dace a zana a taswira ita ce ta faɗin rassan bishiyar idan ta girma.

Sannan gangaren ƙasa. Manhaja tana buɗewa ne da fili a shimfiɗe kamar faifai. Idan ba a shigar da awon tudu da kwari na safiyo ba, babu abin da zai nuna cewa ruwan Agusta ƙofar falo zai nufa.

Me ke sa fayil nauyi?

Itatuwan nan dai su ne kan gaba wajen kashe kwamfuta. Bishiya ɗaya da aka sauko da ita daga 3D Warehouse, mai kowane ganye a zane, tana iya fin ginin gaba ɗaya nauyi. A dasa ashirin, sai linzami ya fara tafiyar hawainiya. Dabarar ita ce a yi aiki da bishiyoyi marasa kauri, masu juyowa su fuskanci mai kallo, ko a ware masu nauyin a rukuninsu a kashe shi, a kashe inuwa ma, sai lokacin fitar da hoton ƙarshe.

A AutoCAD, nauyin yakan zo ne daga gado. Ana buɗe zanen tsohon aiki a goge, a fara sabo a kai, shekara da shekaru, fayil yana ɗauke da tarkacen gidaje goma da ba a gani. Umarni uku ne ke share shi: PURGE yana kwashe abin da ba a amfani da shi, OVERKILL yana cire layukan da suka hau kan juna, AUDIT kuma yana gyara ɓarnar cikin fayil. Idan fayil ya ƙi buɗewa sam, RECOVER ake fara gwadawa kafin a yanke ƙauna.

Wani lokaci kuma laifin ba na fayil ba ne. Ƙurar hunturu tana toshe fankar laftof, zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai na'urar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Kai ta wurin mai gyara a busa ƙurar, da daina ɗora ta a kan katifa ko kafet, ya fi sayen sabuwa araha. Ga mai ɗan hali, sauya tsohon rumbun ajiya zuwa SSD da ƙara RAM su ne suka fi nuna bambanci. Sababbin fitowar Revit suna neman aƙalla 16GB.

Idan wuta ta ɗauke

Aikin da ake zaton ya tafi, sau da yawa yana nan. AutoCAD tana ajiye kwafi da kanta duk minti 10, kuma ana iya rage lokacin da umarnin SAVETIME. Kwafin yana ƙarewa da .sv$, yana zaune a jakar wucin gadi ta kwamfuta. Akwai kuma mai ƙarewa da .bak a gefen fayil ɗin asali, wanda shi ne zanen kamar yadda yake kafin ajiyar ƙarshe. Duk wanda aka sauya wa ƙarshen suna zuwa .dwg zai buɗe. SketchUp ma tana barin irinsa mai .skb.

Revit ce ba ta da wannan tausayin. Tunatarwa kawai take yi, ba ta ajiyewa da kanta. Wanda ya saba danna "anjima" idan saƙon ya fito, shi ya san abin da ya gani.

Tana da wani halin kuma: fayil ɗin da aka ajiye da sabuwar fitowa ba zai buɗe a tsohuwa ba, kuma babu hanyar mayar da shi baya kai tsaye. Idan mai zane yana kan ta 2024, injiniyan da zai lissafa rodi yana kan ta 2021, to a daidaita tun ranar farko. AutoCAD ta fi sassauci, tana barin a ajiye a tsohon tsari.

Araha ba ta ado

Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma kuɗin haya na wata ko shekara, da dala. Bayan da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500 a farkon 2024. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƙananan ofisoshi da ɗalibai da yawa da kwafin sata suke aiki.

Ban da saɓa doka, kwafin sata ba ya samun gyaran da kamfani ke fitarwa, kuma sau da yawa sai an kashe manhajar kariya kafin a girka shi. Akwai ƙwayoyin cutar kwamfuta da aka ƙera musamman don AutoCAD, masu ɓuya a ƙananan fayiloli irin su acaddoc.lsp, suna bin filashi daga ofis zuwa shagon buga zane su dawo. A 2012 kamfanin tsaro na ESET ya bankaɗo wata mai suna ACAD/Medre.A da ta yi ta kwashe dubban zane-zane, galibi daga ƙasar Peru, tana aika su zuwa adireshin imel a China.

Akwai mafita da ba kowa ya sani ba. Ɗalibin jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha yana iya samun lasisin karatu na Autodesk kyauta idan ya nuna shaidar makaranta, sai dai ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. LibreCAD, FreeCAD, Blender da QGIS kyauta ne ga kowa. BricsCAD da ZWCAD kuma suna buɗe fayil ɗin DWG, farashinsu bai kai na AutoCAD ba.

Matakin ƙarshe, inda ake yawan faɗuwa

Zane yana iya fita lafiya daga kwamfutar mai shi ya lalace a hanya. An tura fayil amma an manta da waɗanda aka jingina masa, sai injiniya ya buɗe ya ga rabin gida. Ko salon rubutun da aka yi amfani da shi babu shi a ɗaya kwamfutar, alamomi su koma alamar tambaya. Umarnin ETRANSMIT yana tattara komai a ƙunshi ɗaya.

A shagon bugawa, yaron shago yakan zaɓi a matse zane ya cika takarda. Zanen da aka tsara a ma'aunin 1:100 a takardar A1 ya koma A3, amma rubutun ma'aunin yana nan yadda yake. Birkila ya ɗora rula ya auna, ya fitar da abin da babu shi. Shi ya sa awon da aka rubuta da lamba ne abin bi, kuma PDF ya fi dacewa a kai shago, ba fayil ɗin da za a iya taɓawa ba. A WhatsApp ma a tura shi a matsayin takarda, domin hoto yana dusashewa har 3 ta yi kama da 8.

Sai batun suna. Mai gida ya ce a ƙara ɗaki, uwargida ta ce a matsar da kicin, fayiloli suka zama "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshen gaske". Wanda aka kai wa hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano, daban. Wanda ke aljihun birkila daban. Injiniya kuma ya lissafa ginshiƙai a kan na uku. Ofisoshin da suka tsara aikinsu suna saka kwanan wata da lambar gyara a sunan kowane fayil da kuma kusurwar kowace takarda, kuma duk ranar da sabon zane ya isa wurin gini, sai an karɓe tsohon daga hannun birkila kafin a miƙa masa sabon.