Boris ko washa: wace wuƙar aljihu ce ke jure ƙurar Gadarif?

A Gadarif, gabashin Sudan, kakar riɗi da dawa na zuwa ne bayan damina, daga watan Oktoba. Lokacin ne manomi da lebura ke buƙatar wuƙar aljihu kullum, don yanke igiya da farke bakin buhu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kaya sun yi tsada, don haka wanda ya sayi wuƙa yana so ta shekara da shekaru a hannunsa.

Mai saye yakan duba kaifi, ya manta da ƙusar da ruwan wuƙar ke juyawa a kanta, alhali nan ne matsala ta fi farawa. Tsakanin ruwan wuƙa da ƙota, masana'antun zamani na sa ɗaya daga abu biyu: washa ko boris.

Washa ɗan faifai ne siriri, galibi na tagulla ko na roba mai santsi. Yana manne da ruwan wuƙar da dukkan fuskarsa, shi ya sa nauyi ke bazuwa, kuma ƙura ba ta samun ƙofar shiga sosai. Sabuwar wuƙa mai washa takan yi ɗan tauri wajen buɗewa, amma da amfani tagullar na gogewa ta yi laushi.

Boris kuwa ƙananan ƙwallaye ne na ƙarfe ko tangaran, jere cikin zobe, irin na ƙafar keke. Da taɓawar yatsa ɗaya wuƙar ke buɗewa. Sai dai kowane ƙwallo yana taɓa ƙarfe a ɗigo ɗaya ne tak. Idan aka yi banƙara da wuƙar, ko aka ɗaure ƙusar fiye da kima, ƙwallayen na iya lotsa wurin da suke birgima. Tsakaninsu kuma akwai sarari, inda ƙura da ƙaiƙayi ke taruwa su haɗu da mai su zama kamar laka. Baƙar ƙasar Gadarif, mai danƙo da damina, mai ƙura da rani, ba ta raga wa irin wannan ba. Boris na ƙarfe yana kuma iya tsatsa idan ruwa ya kwana a ciki.

Wannan ba ya nufin boris banza ne. Wanda ke aiki a shago ko ofis, yana kwance wuƙarsa ya wanke, zai daɗe da ita. Amma a gona washa ya fi haƙuri da sakaci.

Tsofaffin wuƙaƙen da suka yi suna a Afirka ma shaida ne. Okapi, da aka fara ƙerawa a Jamus a 1902, da Douk-Douk ta garin Thiers na Faransa, tun 1929, ba su da boris ko ɗaya, ƙusa ce kawai da ƙarfe, kuma har yau ana sayensu.

Kafin ka biya kuɗi, buɗe wuƙar ka girgiza ruwanta hagu da dama. In yana rawa, ajiye ta. In ka saya, ka riƙa kakkaɓe ƙura da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, domin mai da yawa ƙura yake kira.